Jigo a Ƙasar Fir'auna

Jama'a, idan aka ambaci tsohuwar Masar a gaban yaron firamare, ba abin da ke faɗo masa a rai sai Fir'auna da dala. Ba laifinsa ba ne, domin darasin tarihi yakan tsaya ne ga sunayen sarakuna da shekaru, a haddace, a juye a jarrabawa, a manta. Ni dai a ganina, littafin hotuna shi ne maganin wannan.

Ga dalilina. A hutun bara na taya koyar da 'yan aji huɗu a garinmu. Na nuna musu zanen da aka kwafo daga bangon wani kabari kusa da Luksor, wanda ya haura shekara 3,000: wani mutum ne yana ban ruwa a lambu da jigo. Nan take wani yaro ya ce, "Malam, ai irin na kakanmu ne a fadama!" Sai tambayoyi suka ɓarke. Da bakinsu suka jawo ni ga Kogin Nilu, da ambaliyarsa ta shekara-shekara wadda ta ciyar da alkama da sha'ir, har zuwa kammala madatsar Aswan a 1970.

To, amma a yi hattara wajen zaɓe. Littafin da ya cika da zinariyar Tutankamun, wanda aka gano kabarinsa a 1922, zai sa yaro ya ɗauka kowa sarki ne a Masar. Mu nemi mai manoma da masaƙa da magina, domin da talaka yaro zai gane tarihi nasa ne. Allah ya sa mu dace.