Ka Ba Yarinya Mabuɗin Shago

Na-Dada,

Mu nan Zariya sai godiya, in ban da gwiwar nan da ke tashina kafin ladan. Turaren wutar da Amaryarka ta aiko ya iso. Ka ce mata na yafe rabin laifinta, sauran rabin sai na ga dakkuwa.

Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. 'Yarka Dada ƙarama ta kira ni daren Laraba da wayar uwarta, murya a shaƙe. Ta ce ka kwashe buhunan ledar da ita da ƙawayenta suka tara ka ba masu kwasar bola, ka kulle rabin duron da suke aiki da shi a shago, ka ce gidanka ba juji ba ne. Kada ka je ka tsare ta da idon nan naka. Ba ƙara ta kawo ba, ni na matsa mata har ta faɗa.

Kai ne yau kake kiran kayan yaro tarkace? Rediyon Baba da ka lalata na gaishe ka. Har Allah ya karɓi abinsa bai sake kama Kaduna ba, kuma ka san wadda ta sha bulalar da aka tanadar maka.

Na sa ta yi min bayani tiryan-tiryan, tunda kai ba ka tsaya ka tambaya ba. Ita da ƙawayenta na kulob ɗin kimiyya na JETS suna tsince ledar fiya-wata a filin makaranta da bakin lambatu, su wanke, su shanya. Sai su ɗora rabin duro a wuta marar ƙarfi, su riƙa zuba ledar kaɗan-kaɗan har ta narke ta zama baƙin ruwa mai danƙo. Daga nan su kawo yashin da suka tankaɗe su zuba, ɗaya na tuƙawa da ƙarfe kamar mai tuƙin tuwon biki, su juye a ma'aunin da suka shafe da baƙin mai, su danne. In ya huce sai ga bulon shimfiɗa, mai nauyi, ba ko cokalin siminti a cikinsa, ruwa kuma ba ya ratsa shi. Ba su suka fara ba, ita ma ta faɗa da bakinta, ana yi a Gana da Kamaru da Kenya. Nasu shi ne sun tsaya bayan ruwan sama sun bi lambatun layinku da ido, suka ga inda leda ta toshe shi, suka ga inda ruwan ya kauce ya koma cin gindin katangar mutane. Manya nawa ne a layin nan suka bi ta wurin suna toshe hanci kawai?

Kai da ka tashi a Gombe ba sai an karanta maka zaizayar ƙasa ba. Gari ne a cikin kwari, ƙasarsa yashi, duk ruwan da ya sauka a tudun yamma ta wajen Tumfure sai ya ratsa ta kanmu kafin ya wuce gabas. Ambaliyar Agustan 2004 kana tsaye a kan katanga da tocila. Makewayin Goggo da ambaliyar ta ci kuwa har yau in aka tuna sai an yi dariya, amma ranar ba wanda ya yi.

Na san gwamnati ta zuba kuɗi. An ɗaure kwarin da ya bi ta jami'ar jiha zuwa unguwar Malam Inna da tallafin Bankin Duniya, an shiga na wajen kwalejin FCE, ga shirin 3G da aka fara a 2019 da niyyar dasa bishiya miliyan ɗaya duk shekara. Madalla. Amma ɗan kwangila in ya zuba kankare ya tafi ke nan, ba zai dawo tsince ledar da muke wurgawa ta tagar Keke Napep ba. Wannan aikin na 'yan gari ne, ga shi yaran da ba su kai shekarun zaɓe ba sun ɗauka, kai kuma ka sa kwaɗo.

Inda kake da gaskiya ba zan danne ba: hayaƙin. Na yi aikin jinya har na gaji, na ga ƙirjin da hayaƙi ya cinye, na ga fatar da narkakkiyar roba ta manne wa. Leda in ta kama da wuta guba take fitarwa, narkar da ita ake so, ba ƙonawa ba. Kada su kuskura su haɗa da guntayen bututun famfo ko duk robar da ba su san irinta ba. A fili za su yi, iska na bayansu, da takunkumi da safar hannu mai kauri da takalmi rufaffe, mayafi kuma a ɗaure shi tamau. Ka ga wannan ita ce maganar da ya kamata ta ji daga bakin uba. Ka kai duron wurin mai waldar nan abokinka, wanda har yanzu bai biya ni kuɗin ankon bikinka ba, ya yi masa murfi da doguwar mariƙa.

Kuma ka zama mai gardamar da suke buƙata, tunda baiwarka ce. Ka hau bulon da mashin ɗinka. Ka bar ɗaya a rana tsakar watan Afrilu ka ga ko zai yi laushi. Ka jiƙa wani a bokiti mako guda. Ka sa ta rubuta awon leda da awon yashi na kowane zubi a littafi, da abin da ya faru da shi. In ya fashe ta san dalili, ta sake. Malaminsu na kimiyya, in ji ta, daga aljihunsa yake sayen gawayin, kuma yara sun fi ƙarfin ido ɗaya.

Amarya ta ce kana tsoron jarrabawa. WAEC da JAMB na tafe, kai kuma tun tana rarrafe ka rataya mata likita. To, yarinyar da ta gane da hannunta dalilin da wata roba ke narkewa wata na ƙonewa, kemistiri ba zai ba ta tsoro a takarda ba. Ka yanka mata lokaci, Asabar da yamma ta isa.

Amma ni da kai mun san ba jarrabawar ce ta fi cin ranka ba. Majalisar ƙofar masallaci ce. An ce an ga 'yar Alhaji da buhu tana tsintar leda, ka dawo gida fuska a murtuke. Na-Dada, waɗannan mutanen da su aka yi dariyar Vespa ɗinka, da su kuma aka zo aronta.

Ka tuna Malam Muhammad Bah Abba na kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse? Jikan maginan tukwane ne. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Ruwan na tsotsewa ta jikin tukunyar waje yana tafiya da zafin, sai yalon da ke lalacewa a kwana 3 ya kai kwana 27. A shekarar 2000 aka ba shi lambar Rolex. Abin da ya fi burge ni bai tsaya kan lambar ba, ya bi ƙauyukan Jigawa yana sa magina suna ginawa, har mata suka saba da ita.

Don haka kada ka ji an ce gasa ka canza fuska kai ma. Na san ka, ranar da aka kira sunanta a rediyo za ka ce ai gado ta yi. 'Yan matan nan biyar na makarantar Regina Pacis a Anaca da suka ciwo zinare a Amurka a 2018 da manhajar gano jabun magani, sun cancanci duk tafin da aka yi musu. Amma ka tuna 'yan matan Legas na 2012 masu janaretan fitsari? Jaridun duniya sun yi ta yayatawa, masana kuma suka ce wutar da ake kashewa wajen ware iskar gas daga fitsarin ta fi wadda ake samu. Yara ne, sun yi ƙoƙari, manyan da suka tsaya ɗaukar hoto maimakon su zauna da su a yi lissafi su nake gani da laifi. Kayan gasa nawa ne ke shan ƙura a saman kabad ɗin ofisoshin makarantu? Ba na son na Dada ƙarama ya ƙare a can. A ƙofar ɗakin Dada babba nake son ganinsa, daidai inda ruwa ke kwanciya tun muna yara.

Ta kuma ba ni labarin ɗan maƙwabcinku da ke dasa jema a bakin kwari shi da abokansa, wai saiwarta na nutsawa ƙasa ta riƙe yashi. Gaskiyarsa. In ya zo neman jarkokin ban ruwa ka ba shi tsofaffin da ke bayan kicin, ba ajiyar banki ba ne.

Na ba direban da ke kawo mana wake saƙo, safar hannu ce da takunkumi, da ɗan abin sayen gawayi. Nata ne, kada in ji an yi cefane da shi. Mabuɗin kuma ka miƙa mata da hannunka, kada ka aiki Amarya.

Ka gaida Bappa, ka ce masa ya rage gishiri ko in haɗa shi da likitansa. Maganar filin gado kuwa, kada ka sa hannu a kowace takarda sai na zo bayan Sallah.

Taka har kullum,
Adda