Tsohuwar Kwamfuta Mai Ƙofa Biyu

Akwai wani aiki da nake girmamawa a harkar kwamfuta: a buɗe murfin tsohuwar na'urar ofis, a kakkaɓe ƙura, a dasa mata katin sadarwa na biyu a ramin PCI. Kati ɗaya ya fuskanci intanet, ɗayan ya fuskanci kwamfutocin cikin gida, ita kuma ta zauna tsakiya kamar mai gadin zaure, tana tantance mai shiga da mai fita.

Aikin na son natsuwa. Kowane kati yana da lambar shaidarsa ta MAC, kuma tsohon tsarin Linux yakan kira su eth0 da eth1. Wani lokaci sunayen kan musanya bayan an sake kunna na'urar, hanyar waje ta koma ta ciki. Maganinsa shi ne a ɗaure kowane suna da lambar katinsa. A injinan kamfanin Sun kuwa, duk katunan kan ɗauki lamba ɗaya ta injin, sai an canza saitin. Katunan ISA na zamanin baya ma, sau da yawa da hannu ake raba musu layin IRQ don kada su yi karo.

Katin Realtek 8139 mai gudun megabit 100 har yau Linux na gane shi. Ina ganin duk matashin da ya haɗa irin wannan na'ura da hannunsa zai fahimci yadda saƙo ke ratsa waya, fahimtar da akwatin sadarwa na kanti ba ya bayarwa.