Ba kullum ne laifin sabis ba

Jama'a, da zarar shafin intanet ya yi mana nawa a waya sai mu ce sabis ne. Ni da nake sana'ar gina shafuka, wallahi sau da yawa laifin masu ginawa ne.

Lokacin da Apple ya fito da iPhone a 2007, kusan duk shafuka don kwamfuta aka yi su. In ka buɗe su a waya, rubutun sai ya koma kamar tururuwa. Shi ya sa aka tsara cewa in ka taɓa allo sau biyu a jere, shafin ya ƙara girma. To ita burauza ba ta san gaibu ba. In ka taɓa sau ɗaya, dole ta dakata kusan kashi ɗaya cikin uku na sakan, ta ga ko taɓawa ta biyu na tafe. A 2014 Chrome ya cire wannan jinkirin, Safari ya bi sahu a 2016, amma da sharaɗi: sai mai shafi ya sa layi ɗaya da ke gaya wa burauza faɗin shafin ya bi faɗin allon waya.

Layi ɗaya tak fa! Amma har yau akwai shafukan rajista da ba su da shi. Ƙanwata ta zauna cike fom ɗin wata makaranta a wayarta. Wurin dannawa ɗan mitsitsi ne, ta taɓa ta ga shiru, ta yi sauri ta ƙara taɓawa, shafin ya kumbura ya watse. Ga data na ƙarewa, ga ranar rufewa ta matso. Ƙarshe sai da ta biya kuɗin mota da na kafe. Ita gari take. Wanda ke ƙauye fa?

Yawancinmu da waya muka san intanet, ba mu da kwamfuta a gida. Don haka ina roƙon shugabannin makarantu da hukumomi: kafin ku biya ɗan kwangila, ku ajiye kwamfutar ofis. Ku ari ƙaramar Tecno ko itel a hannun masinja, ku cike fom ɗin da kanku daga farko har ƙarshe. In ya gagare ku, ku riƙe kuɗinku sai ya gyara.

Allah Ya sa masu abin su ji.