Baƙon da ke bayan gidan Kawu

Da dogon hutu muka sauka gidan Kawu a wajen birnin Atlanta, jihar Jojiya ta Amurka. Mun zaci dogayen benaye ne za su fi burge mu, ashe abin kallon yana bayan gida.

Wata shuka ce mai yaɗo ta nannaɗe shingen katako, furanninta jajaye, dogaye kamar ƙananan kakaki. Masana na kiranta Lonicera sempervirens, kuma 'yar asalin yankin ce. Muna karin kumallo sai muka ji wani kuka kamar na ƙudan zuma. Muka ɗaga kai, sai ga tsuntsu bai fi ɗan yatsa ba, ya tsaya cak a iska, ya cusa dogon bakinsa cikin fure, sannan ya ja da baya yana tashi. Da baya fa!

Turawa na ce masa hamingbad. Akwai irinsa sama da 300, kuma duk a nahiyar Amurka suke. Ƙananan tsuntsayen nan masu ƙyalli da ke shan ruwan fure a wajenmu kama kawai suka yi, ba dangi ba ne, kuma su sukan sauka kan reshe kafin su sha. Wanda muka gani mai jan maƙogwaro ne, nauyinsa kusan giram 3, yana kaɗa fiffike wajen sau 50 a daƙiƙa ɗaya.

Kawu ya ce da ya sayi gidan, wata mai yaɗo 'yar Japan ce ta mamaye shingen. Tana da ƙamshi, amma tana shaƙe tsirran wurin. Shekara biyu yana tumɓuke ta kafin ya dasa wannan. Ya kuma daina fesa maganin ƙwari, don da ƙananan ƙwari uwa ke ciyar da 'ya'yanta.

"Kawu, me ya sa yake ci ba hutawa?" muka tambaya.

"Guzuri yake yi, yarana."

Kafin sanyi ya shigo sai ya koma Meziko ko ƙasashen da ke kudu da ita. Wasunsu kan tsallake Tekun Meziko, kusan kilomita 800, babu wurin sauka. Wanda bai tara kitse ba, ruwa ne makomarsa.

Ranar da za mu dawo gida mun zauna jiransa har aka kira mu mota. Bai zo ba. Kawu ya ce wataƙila ya riga mu kama hanya.