Maruru da Bazarar Garagumsa

A yarintarmu a Garagumsa, bazara ba ta zuwa ita kaɗai. Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da rijiyoyi ke ja da baya, zufa ke jiƙe tabarma, sai maruru ya shiga gida gida. Wani ya fito masa a hammata, wani a ƙeya, wani a mazaunai har zaman makarantar allo ya gagare shi. Idan a cinya ne, kaluluwa ta taso, yaro ya dinga ɗingishi.

Manya suna da bayaninsu. Wasu su ce zafi ne ke fita, wasu su ce dattin jini, wasu su ɗora wa mangwaro laifi. Kakata kuwa dokarta ɗaya ce: "Ɗan nan, kar ka matsa, bari ya nuna." Sai ta tsoma tsumma a ruwan ɗumi ta gasa wurin, safe da yamma, har ya yi ido ya fashe da kansa. Wanda ya ƙi fashewa, a kira wanzami ya sa aska, mugunya ta fita, yaro ya samu barci. Ba a cika zuwa likita a Takeita ba, balle Damagaram, sai zazzaɓi ya shigo.

Sai da na girma na san mai laifin. Ƙwayar cuta ce mai suna Staphylococcus aureus, wadda likitan Sukotlan Alexander Ogston ya gano a cikin mugunya a 1880. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita a hanci ba tare da ciwo ba. Tana kutsawa ta gindin gashi ko ta inda aka sosa. Mu kuwa soso ɗaya muke wanka da shi, zane ɗaya muke rufa, aska ɗaya ke bin kawunanmu, ga ruwa sai an yi tattali. Shi ya sa in ya kama yaya, ƙane ma na kan hanya.

Gashin da kakata ke yi, shi likitoci ke cewa a yi har gobe. Abin da ya kamata a ƙara shi ne wanke hannu da sabulu, rufe ƙurjin da tsumma mai tsabta, da raba soso da reza.

Amma akwai marurun da ba a jira. Wanda ya fito a fuska, musamman tsakanin hanci da leɓe, matsa shi na iya kai cutar ƙwaƙwalwa. Haka wanda ya zo da zazzaɓi, ko ya kama jariri, ko yake yawan dawowa, domin wani lokaci alamar ciwon suga ce. Iyaye, in kun ga irin waɗannan, ku kai yaro likita tun da wuri. Allah ya ba mu lafiya mai amfani.