Na Goge Kwabban Kakata da Tsamiya

A gidaje da dama na Karaye da Rogo, in aka zazzage tsohuwar adaka ko gindin kwalla, ba a rasa kuɗin zamanin Turawa: anini da ɗari da kwabo masu huda a tsakiya, toro, sisi, da sule mai hoton bishiyar kwakwar manja. Kuɗin gyaɗa ne da na auduga, waɗanda suka ture wuri bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. A Ingila aka buga mafi yawansu, masu hudar kuma da darajarsu a rubuce da boko da Larabci.

Da kakarmu ta rasu a Rogo, Allah ya jiƙanta, sai gwangwaninta na irin waɗannan kuɗi ya faɗo hannuna. A ciki har da liyari guda, azurfar nan mai nauyin kusan giram 28 mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Taresa. Shekarar 1780 ce a jikinsa, ko da yake wannan ba ya nuna tsufansa, don duk waɗanda aka buga bayan mutuwarta da wannan shekarar aka ci gaba da buga su. Kuɗin duk sun yi baƙi ƙirin, ni kuwa na ɗauka dauɗa ce. Ban tambayi kowa ba na jiƙa su cikin ruwan tsamiya suka kwana, da safe na bi su da toka da soson ƙarfe har suka riƙa ɗaukar ido.

Wani dattijo mai sayar da kayan tarihi a Kasuwar Kurmi ne ya fara nuna min ɓarnar. Ya juya liyarin a hannunsa, ya ce, "Ɗana, wa ya yi maka wannan aikin?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya ce baƙin nan da na kankare shi ne rigar ƙarfen, shi ke kare shi, shi ne kuma mai saye ke fara dubawa. Tsami ya cinye fatar kwabban tagulla, irin na 1952 zuwa gaba, sun koma ja-ja, soso kuma ya tsattsage fuskar sarauniyar.

Wanda ya fi ci min rai shi ne kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas. Wannan sarki ya yi murabus a Disambar shekarar, kafin kuɗi mai sunansa ya shiga hannun jama'a a Ingila, amma na Afirka ta Yamma sun riga sun fito. Ba wai yana da tsada ba ne. Tarihi ne kakata ta ajiye shekara da shekaru cikin tsumma bai lalace ba, ni mai ilimin boko na karce shi da hannuna, kuma babu abin da zai mayar da shi.

Sauran da ke wurin kawuna a Karaye na roƙe shi kada a taɓa su da komai. Wanda ƙasa ta manne masa, ruwa mai tsabta ya ishe shi, a shanya ya bushe sarai. Mun naɗe kowanne daban cikin takarda, ba leda ba, don leda na riƙe laimar damina, wasu nau'o'inta ma kan sa tagulla ta yi kore. A bayan takardar muka rubuta shekararsa da sunan wanda ya bar shi.