Do da Re a Falon Baba

Mahaifina ya yi shekara fiye da ashirin yana koyar da kwaya a wata majami'a a Jos. (Kwaya fa, ƙungiyar mawaƙa, masu wayar da ba ta da ƙugiya sun sha jawo mini dogon bayani.) Da alli yake rubuta waƙa a allo, do re mi, layi huɗu: sofrano da alto na mata a sama, teno da bes na maza a ƙasa. Ina ɗan shekara 15 muryata ta buɗe, ya tura ni layin bes. Ina ɗan 19 na tafi jami'a karatun kimiyyar kwamfuta, ban sake komawa layin ba. Bai taɓa yi mini faɗa a kai ba. Sai dai duk zuwana hutu yakan ce, "Bes ɗinmu ya yi ƙaranci," ya ci gaba da abin da yake yi.

Aiki ne ya mayar da ni ga waƙar kwaya. Manhaja nake rubutawa a Abuja, kuma ba na iya aiki da waƙa mai kiɗa ko wadda nake gane baitinta, hankalina bin ta yake yi. A neman abin da zan sa a kunne na faɗa kan masu tsara waƙar kwaya na zamanin nan: Arvo Pärt na ƙasar Estoniya, da Morten Lauridsen mai O Magnum Mysterium ta 1994, sannan Eric Whitacre, Ba'amurken da aka haifa a 1970. Yawancin waƙoƙin da na tara da Latin suke, babu ganga babu molo, murya ce zalla.

Waƙoƙin da muka tashi da su a coci, muryoyi huɗu ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, do da mi da so, kowa ya sauka inda kunne ke jira. Whitacre kuwa sai ya raba muryoyin gida takwas ko fiye, ya sa wata ta riƙe do, ta kusa da ita ta riƙe re, su daɗe a haka. Sautuka biyu maƙwabta idan suka haɗu gogayya suke yi, ka ji iska tana ɗan karkarwa. A ajin Baba, wannan sunansa kuskure.

Whitacre ɗin ne ya shahara da abin da ya kira Virtual Choir, kwayar da mawaƙanta ba su taɓa zama ɗaki ɗaya ba. Kowa ya sauke takardar waƙar, ya kalli bidiyon jagora yana kaɗa hannu, ya ɗauki kansa yana rera nasa layin, ya tura. Masu tace sauti su jera su. A 2010 mutum 185 daga ƙasashe 12 suka rera Lux Aurumque. Shekara ta zagayo aka yi Sleep da mutum sama da 2,000 daga ƙasashe 58. Da korona ta kulle duniya a 2020 ya tsara sabuwa, Sing Gently, ya buɗe ƙofa ga duk mai so.

A lokacin an rufe majami'u, an hana tafiya tsakanin jihohi. Matasan kwayar Baba suka roƙe ni in haɗa musu gwaji ta kiran bidiyo, tunda ni ne "ɗan kwamfuta". Na san ba zai yiwu ba, amma na ji nauyin faɗa. Dalilin lissafi ne kawai. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka wanda ke nesa da kai da mita 10 muryarsa tana iso ka bayan kamar milisakan 30, kuma kusan iyakar jinkirin da mawaƙa ke jurewa ke nan. Kiran bidiyo kuwa jinkirinsa yakan wuce milisakan 100, ga shi na kowa daban. Kana jiran alto, alto tana jiran ka, waƙa ta yi ta ja da baya har ta mutu. Minti goma muka yi, aka ƙare da dariya da gaishe-gaishe.

A daren na sauke layin bes na Sing Gently. Cikin ɗakin kwana na yi, na rataya barguna a taga, na jira janareton maƙwabci ya mutu. Sau 14 na ɗauka kafin na tura. Da aka saki bidiyon a watan Yuli, mawaƙa 17,572 ne daga ƙasashe 129. Na yi ta tsayar da shi ina neman fuskata har idona ya yi ja, ban gan ta ba, kuma ban ji haushi ba. Hawaye ma na yi, ni kaɗai, da tsakar dare.

Da Kirsimeti na je Jos. Baba ya riga ya miƙa kwayar ga wani matashi; muryarsa ta dushe, hannun da ke kaɗa mana lokaci ya fara rawa. Na zauna kusa da shi a falo na sa masa abin kunne, ina jin kaina kamar yaron da ya kawo sakamakon jarrabawa. Ya saurara ido rufe har ƙarshe.

"Kana ciki?"

"Ina ciki, Baba. Bes."

"Wa ke tsaye kusa da kai?"

"Babu kowa. A ɗakina na yi."

"To wa kake ji?"

Na ce akwai sautin jagora a kunnena. Ya gyaɗa kai. "Kai kuma wa ke jin ka?"

Na so in yi gardama, don ina da hujja. Akwai wanda ba shi da kwaya a garinsu, akwai marar lafiyar da ba ya iya fita, kuma wannan hanya ta ba su wurin tsayawa. Har yau ina ganin babban abu ne. Amma na san abin da yake nufi fiye da yadda yake zato, domin sana'ata ke nan. Kullum ina rubuta nawa ɓangaren, wani a wata ƙasa ya rubuta nasa, a haɗa, in an samu saɓani a gyara daga baya. A kwayar Baba babu daga baya. In na kusa da kai ya ɗan sauka, ko dai ka ɗago shi ko ka bi shi ku faɗi tare, kuma kafin kowane layi mutum arba'in ne ke jan numfashi lokaci guda. Ni a bidiyon nan ban ɗago kowa ba. In ma na kauce, cikin dubban bes babu wanda zai sani.

Na ɗauka hirar ta ƙare, sai ya ce in sa masa wata ta mutumin. Na sa Lux Aurumque. Ba a yi nisa ba ya ɗaga yatsa. "Nan wani ya yi kuskure."

"Haka aka rubuta ta, Baba."

"Da gangan?"

Ya sa na mayar sau uku. Sannan ya cire abin kunnen ya ajiye a kan kujera, ya gyara zama, ya yi gyaran murya. Ya ce shi zai riƙe do, ni in hau re, kada in motsa.

Ban kai daƙiƙa uku ba na zame na koma kan do ɗinsa. Muka sake, na sake zamewa. Kunnen da shi da kansa ya horar tun ina yaro ya ƙi yarda in tsaya dab da shi ban haɗe da shi ba. Mama ta leƙo daga kicin ta tambaya ko lafiya.

"Kana gudun gogayyar ne," in ji shi. "Ka ji ni, amma ka tsaya a naka."

A karo na biyar na tsaya. Muryarsa tana rawa, tawa tana neman hanyar gudu, sai ga karkarwar nan da na saba ji a waya ta cika falon, har ina jin ta a ƙirjina. Numfashinsa ne ya fara ƙarewa. Ya yi tari, ya sha ruwa, ya nuna ni da kofin.

"Yanzu kai ka riƙe do."